Ranar Da Ɗan Sama Jannati Ya Hango Ƙurar Kano

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, da ma na gida. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi, ya karanta daga baya.

A makarantarmu nan Legas akwai wata ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar ilimin taurari. Duk daren Juma'a suna kafa majigi a wani ɗakin lakca, su haska tsofaffin finafinan ƙagaggen labarin kimiyya, wani lokacin kuma su kunna gem irin na da. Ranar da na fara zuwa, ina shiga wani ɗan ajinmu ya ɗaga murya da Turanci ya ce, "Aboki, ka yi ɓatan hanya ne? Ai ba a sayar da shayi a duniyar wata." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, na zauna can baya, kafin a tashi na sulale. Washegari na ba wani ɗan uwa labari bayan La'asar, ina jiran ya taya ni jin haushi, sai ya ce, "To kai ma malam me ya kai ka? Iyayenka sun turo ka karatu, ka je kana kallon tatsuniyar Turawa." Wallahi maganarsa ta fi ta farko yi min ciwo, don duka biyun abu ɗaya suke faɗa: wannan ba hurumin ɗan Arewa ba ne. Na daina zuwa.

Sai ga shi makonni uku da suka wuce ciwon ido ya shigo hostal ɗinmu. Afolo. Mu shida ne a ɗaki, huɗu muka kamu. Ido ja wur, da safe sai ka sa ruwan ɗumi kafin ya buɗu. Ina kwance na tambayi wani ɗan ɗakinmu mai karatun likitanci, wai shin me ya sa ake ce wa ciwon nan afolo? Ya ce sunan kumbo ne. Annobar ta ɓulla a Ghana a shekarar 1969, ta bazu zuwa Najeriya da sauran ƙasashe, daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, mutane suka ce ai 'yan sama jannatin ne suka kwaso ta. Ƙwayar cuta ce kawai, ba ruwanta da wata, amma sunan ya zauna. Ke nan kakata da ba ta taɓa shiga aji ba ta shekara hamsin tana kiran sunan kumbon Amurka. Da idona ya washe na shiga bincike, abin da na tarar shi ne na ce bari in kawo muku.

Labarin ya fara ne ranar 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Wata ƙwallon ƙarfe ce mai nauyin kilo 83 da ɗoriya, aikinta kawai ta riƙa fitar da ƙara ta rediyo tana zagaya duniya. Wannan ƙarar ta hana Amurka barci. A 1958 suka kafa hukumar NASA. Kafin su farga, ranar 12 ga Afrilu 1961, Yuri Gagarin ya zagaya duniya sau ɗaya cikin minti 108 ya dawo.

Nan ne Kano ta shigo. A lokacin babu taurarin da ke miƙa saƙo daga kumbo zuwa ƙasa kamar yanzu. Kumbon da ke kewaya duniya a kusa-kusa yana gudu ne sosai, tashar da ke ƙasa ba ta jin sa sai na 'yan mintuna, sannan ya faɗa bayan gari. Dole NASA ta jera tashoshi a kan hanyarsa, wannan ta miƙa wa waccan, kamar yadda fatake ke sauka zango bayan zango. A nahiyar Afirka an kafa ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, zagaye uku cikin awa biyar ba kaɗan. Da ya iso saitin Afirka ta Yamma ya yi magana da tashar Kano, ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa. Mutanen tashar suka ba shi amsa cewa ai kwanakin nan ana ta iska mai ƙarfi. Duk ɗan Kano ya san me Fabrairu ke zuwa da shi. Hazon da ke fasa mana leɓe da kaushin ƙafa, shi mutumin ya gani daga sama, kuma yana nan rubuce a tarihin tafiyar. Ni haifaffen Kano ne, na yi firamare da sakandare a can, ba wanda ya taɓa gaya min wannan.

A wannan shekarar ta 1962 wasu abubuwa biyu sun faru waɗanda ba a harba su da roka ba, amma zazzaɓin sararin samaniyar ne ya haife su. Na farko a jami'a ya faru, shi ya sa ya fi burge ni. A MIT ta Amurka an kawo wata kwamfuta mai suna PDP-1, girmanta ya kai na manyan firji a jere. Wasu matasa, Steve Russell da abokansa, waɗanda suka ƙoshi da karanta littattafan yaƙin taurari, suka zauna suka rubuta mata wasa: jirage biyu suna harbin juna, a tsakiya ga wani tauraro yana janyo su da ƙarfin maganaɗisunsa, in ka yi sakaci ya haɗiye ka. Suka sa masa suna Spacewar. Ɗaya daga cikinsu, Peter Samson, ya ga taurarin da ke bayan fagen an watsa su ne barkatai, ya zauna ya shigar da taswirar taurarin gaskiya. Ba su sayar da wasan ba, duk mai irin kwamfutar yana iya kwafa. Wannan wasan yana cikin kakannin duk wani gem da muka taɓa biyan kuɗi muka buga a gidan gem na unguwa.

Na biyu kiɗa ne. A watan Yuli 1962 aka harba Telstar, tauraron da ya fara tsallakar da hoton talabijin kai tsaye tsakanin Amurka da Turai. Wani mai haɗa sauti a Landan, Joe Meek, ya tsara wani kiɗa marar baiti ya sa masa sunan tauraron, ƙungiyar Tornados ta buga shi. A situdiyon da ya haɗa a gidan hayarsa, saman wani shago, aka ɗauke shi, amma sai da ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka.

Yanzu ku gyara zama. A watan Yuli 1963 Amurka ta harba Syncom 2, tauraron sadarwa da aka ɗora can nesa, wajen kilomita 36,000, inda gudunsa ya yi daidai da juyawar duniya. Ranar 23 ga Agusta 1963 aka gwada shi da kiran waya tsakanin shugabannin gwamnati biyu, karo na farko a tarihi ta tauraron ɗan'adam. A can ɓangaren John Kennedy ne. A nan ɓangaren wa kuke tsammani? Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, marubucin Shaihu Umar. Muryarsa ta bi ta wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar jiragen ruwan Legas, ta hau sama, ta sauka a Amurka. Hirar ba ta wuce 'yan mintuna ba, har sun taɓo zancen ɗan damben Najeriya Dick Tiger, wanda bai daɗe da doke Gene Fullmer a Ibadan ba. Ranar da na karanta wannan sai da na fita na tsaya ina kallon ruwan Legas. Garin da aka ce min ba a sayar da shayi a wata, a nan ɗin ɗan Arewa ya yi wannan kiran.

Wata uku bayan kiran aka harbe Kennedy, ranar 22 ga Nuwamba 1963. Washegari, duniya na cikin juyayi, BBC ta fara nuna wani sabon shiri, Doctor Who, labarin wani dattijo mai tafiya cikin zamani, ya je jiya ya je gobe, a cikin wani akwati mai kama da rumfar wayar 'yan sanda. Kiɗan buɗe shirin kansa abin tarihi ne. Ron Grainer ne ya rubuta shi a takarda, amma wadda ta mai da shi sauti wata mata ce, Delia Derbyshire, da ta karanta lissafi da kiɗa a Kambirij. Ba ganga, ba makaɗa. Sauti ɗai-ɗai take ɗauka a zaren kaset daga na'urorin gwajin lantarki, ta ƙara masa gudu ko ta rage don muryarsa ta canja, ta yanka zaren da reza, ta liƙa guntu bayan guntu. Ba a rubuta sunanta a jikin shirin ba sai a 2013, shekara 12 bayan rasuwarta.

To ga inda abin ya sake biyowa ta gida. A wancan zamanin zaren ɗaukar hoto yana da tsada, BBC kan goge tsohon shiri ta ɗora sabo a kai. Haka kashi-kashi masu yawa na Doctor Who suka salwanta. Abin da ya cece su shi ne kafin a goge an kwafi wasu a fim an sayar wa tashoshin ƙasashen waje, har da Najeriya, wadda ta riga yawancin Afirka samun talabijin: Ibadan ta buɗe tata a 1959, Kaduna a 1962. Wani Bature mai suna Philip Morris ya riƙa bin ƙasashe yana leƙa ɗakunan ajiya. A watan Oktoba 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa ya gano gwangwanayen fim a wata tashar talabijin a Jos. Kashi 11 ne, tara daga ciki an fid da rai da su tun tuni, na labarai biyu da aka nuna a 1967 da 1968. Masoya shirin a faɗin duniya suka yi ta murna, sunan Jos ya shiga manyan jaridun Ingila. 'Yan Jos da ke karanta wannan, ku nawa ne kuka sani?

Ɗan uwan nan da ya ce min tatsuniya ce, ga amsarsa. Ranar 8 ga Satumba 1966 aka fara nuna Star Trek a Amurka. A lokacin baƙar fata na can suna kan gwagwarmayar neman 'yanci, a talabijin kuwa galibi aikin 'yar aiki ake ba matansu. Sai ga wata baƙar mace, Nichelle Nichols, zaune a ɗakin tuƙin jirgin a matsayin hafsa mai kula da sadarwa. Sunanta a shirin Uhura, daga kalmar Swahili mai nufin 'yanci. Bayan zangon farko ta yanke shawarar barin shirin. Ta sha ba da labarin cewa Martin Luther King ne da kansa ya roƙe ta kada ta bari, don 'ya'yansa da na sauran baƙar fata suna ganin kansu a cikin gobe ta dalilinta. Ta zauna. A 1977 NASA ta ɗauke ta ta zagaya ƙasar tana kiran mata da baƙar fata su nemi aikin sama jannati. Rukunin da aka ɗauka a 1978 mutum 35 ne, a ciki akwai mata shida da baƙar fata uku, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗayansu, Guion Bluford, ya tashi a 1983. A 1992 Mae Jemison, likita, ta zama baƙar mace ta farko a sararin samaniya, kuma ta faɗa da bakinta cewa tun tana yarinya Uhura take kallo. Ko kumbon gwaji na farko cikin jerin masu zuwa su dawo, Enterprise aka sa masa a 1976, sunan jirgin cikin shirin, bayan masu kallo sun yi ta aika wasiƙu. Tatsuniya ce, na yarda. Amma yaro ba ya neman zama abin da bai taɓa gani ba ko a tatsuniya.

Abin dariya, an dakatar da Star Trek a watan Yuni 1969 saboda ƙarancin masu kallo, saura makonni kaɗan gaskiyar ta faru. Ranar 20 ga Yuli 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata, Michael Collins yana kewayawa yana jiransu. Mu a nan muna tsakiyar yaƙin basasa. Kwamfutar da ta taimaka musu sauka, ma'ajiyar aikinta ba ta wuce kilobait huɗu ba. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Mace ce, Margaret Hamilton, ta jagoranci masu rubuta manhajar. Kwana biyar kafin kumbon ya tashi David Bowie ya saki waƙarsa Space Oddity, a kan wani ɗan sama jannati da ya ɓace. Shekara 44 bayan nan, a 2013, Chris Hadfield ɗan Kanada ya rera ta yana shawagi a cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

Gem kuwa sai ya fito daga jami'a ya shiga kasuwa. Nolan Bushnell, da ya san Spacewar, ya haɗu da Ted Dabney suka yi Computer Space a 1971, na jefa kwabo, bai karɓu sosai ba don yana da wuyar bugawa. A 1972 suka kafa Atari suka fitar da Pong, sanda biyu da ƙwallo, kuɗi ya fara zuba. A 1976 wani baƙar fata injiniya, Jerry Lawson, ya jagoranci ƙera na'urar gida ta farko mai kaset ɗin da ake cirewa a sa wani. Wanda ya taɓa hura kaset ɗin gem da baki don ya kama, ya san abin da nake nufi. A 1978 Tomohiro Nishikado na Jafan ya fitar da Space Invaders. Dodannin cikinsa suna ƙara gudu yayin da kake kashe su, kuma asalin hakan rauni ne: na'urar ba ta da ƙarfi, in dodanni suka ragu aikin zana su ya yi mata sauƙi sai ta ƙara sauri. Ya lura abin yana sa zuciya bugawa, ya bar shi haka. A 1984 Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro Tetris a Mosko, wato wasan jera bulo ɗin nan da muka yi ta rigima a kansa a 'yar na'urar batir muna yara. A 1993 wani ɗan sama jannatin Rasha, Aleksandr Serebrov, ya tafi da shi tashar Mir a cikin Game Boy.

Na bar wanda ya fi tsaya min a rai zuwa ƙarshe. A 1977 aka harba kumbuna biyu, Voyager 1 da Voyager 2, waɗanda ba za su dawo ba har abada. Na ɗayan ya fita daga yankin iskar rana tun 2012, babu abin da hannun ɗan'adam ya ƙera da ya kai shi nisa. A jikin kowanne an maƙala faifai mai ruwan zinare, ko da wata halitta za ta tsinta wata rana. A ciki akwai hotuna, da kukan dabbobi, da kiɗa na wajen minti 90 daga sassan duniya, da gaisuwa cikin harsuna 55. Na bi jerin harsunan nan ɗaya bayan ɗaya, zuciyata na dukan uku-uku. Akwai Larabci. Akwai Luganda da Nyanja da Sotho. Akwai har harsunan da suka mutu dubban shekaru, irin na Sumer da Akkad. Babu Hausa.

Da farko na ce wariya ce. Da na karanta yadda aka yi aikin sai jikina ya yi sanyi. Kwamitin Carl Sagan makonni kaɗan aka ba shi. Gaisuwar nan a jami'ar Cornell aka ɗauki mafi yawanta, daga bakin malamai da ɗalibai da mutanen da ke kusa waɗanda aka iya samu a lokacin. Wanda ke wurin shi aka miƙa wa makirfo. Da a ce akwai wani ɗalibi Bahaushe a kusa, wanda bai sulale daga ɗakin ba don an yi masa dariya, wataƙila da yanzu "sannunku" tana can tana tafiya tsakanin taurari. Na tuna yadda na zame daga ɗakin majigin nan a daren Juma'a, kunya ta kama ni.

Kuma ƙofar ba a rufe take ba. Najeriya ta kafa hukumar sararin samaniyarta a 1999. A watan Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wani kamfanin Ingila ne ya ƙera shi. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya da aka horar a can suka haɗa da hannunsu. Irin waɗannan taurarin su ke ɗaukar hoton ambaliya, da gonaki, da yadda hamada ke matsowa, da janyewar Tafkin Chadi. Wa ya fi mu buƙatar wannan? In ba mu koyi karanta hotunan ba, wani ne zai karanta ya gaya mana halin da gonar babanmu take ciki.

Juma'ar da ta wuce na koma, idona bai ma gama washewa ba. Na zauna a gaba. Da aka gama fim aka ce ko akwai mai magana, na miƙe, ƙafata na rawa, na ba su labarin Glenn da tashar Kano, da kiran Tafawa Ɓalewa, da fim ɗin Jos. Ɗan ajin namu mai zancen shayi ya ce ƙarya ne, ya zaro waya ya duba a gaban kowa. Ya daɗe yana kallon wayar. Bayan an tashi ya same ni a waje ya ce in turo masa abin da na karanta, kuma shugabar ƙungiyar ta ce sati mai zuwa ni zan gabatar. Har yanzu aboki yake kirana, ni ma ban fasa amsawa ba.

Roƙona biyu ne. Na ɗaya, duk ƙungiyar ilimi da ke makarantarku, ta taurari ce, ta kwamfuta ce, ta haɗa mutum-mutumi ce, ku shiga, ko da kai kaɗai ne mai hula, ko ke kaɗai ce mai hijabi. Sallah ba ta hana, karatu ba ya hana, kunya ce kawai. Na biyu, 'yan Kano, in kun je hutu ku tambayi dattawan gida ko akwai mai tuna tashar Amurkawan nan, ko wanda ya yi aiki a cikinta, ku ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. 'Yan Jos da Kaduna, ku tambayi tsofaffin ma'aikatan talabijin ina faya-fayen Karkuzu da Samanja suke. Mutum ya taso daga Ingila neman nasu har Jos. Namu wa zai nema?

Wanda ke Legas kuma yana da hali, Juma'a bayan Isha'i ne. Ku zo ku cika min layin gaba, don wallahi tsoro nake ji. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya raba mu da afolo.